Shekarar da Na Ce a Goge

Akwai wata takarda a bangon falon gidan nan, cikin gilashi, da sunana a jiki an rubuta da ruwan zinariya. Duk baƙon da ya shigo sai kun ja shi gabanta kun ce masa Baba ya taɓa zuwa na ɗaya a Abuja. Har jikokina da ba su san bambancin azurfa da gwangwanin madara ba sun haddace wannan magana. Kuma na san abin da kuke faɗa in na juya baya: wai tsufa ya sa ni faɗa, tunda duk ranar da na ga ɗayanku ya ɗauko tsumma zai share mata ƙura sai na daka masa tsawa. Ina jin ku sarai, kunnena bai mutu ba tukuna. Waɗansunku ma da suka tsinci rabin labari suna ɗora wa yayarku Balkisu laifi, har aka yi Salla biyu ba a gaishe ta da sakin fuska ba. Wannan shi ya fi ɓata mini rai. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da ya faru daki-daki, domin kowa ya ɗauki nasa kason laifin, ni ma in ɗauki nawa.

Ni Ummaru maƙerin fari ne, ɗan maƙerin fari, a nan Bagudo. Ba ma ƙera garma, ba ma ƙera lauje, wannan aikin maƙeran baƙi ne. Mu namu azurfa da tagulla, 'yan kunne da zobba da awarwaro da mundaye. Masu ba mu aiki mafi yawa matan Fulani ne, daga rugagen da ke tsakaninmu da iyakar Benin, ƙasar da mu muka tashi muna ce wa Faransa. Mace za ta zo da tsofaffin sulallan uwarta ƙulle a bakin zane, ta ajiye ƙwaryar nononta a ƙofar maƙera, ta sa ido a narka su a gabanta, in ka gama ta sa abinta ta tafi. Abin da mutanen birni ba su gane ba ke nan: maƙerin fari ba shi da shago mai gilashi, kuma aikinsa mai kyau ba ya kwana a hannunsa. Yana can daji a wuyan wata ko a hannun wata, yana bin shanu. Abin da ke rage maka a gida sai wanda aka ƙi, da wanda ka yi don 'yan kasuwa. Su kuwa 'yan kasuwan nan na daɗe ina cike da su. Su ɗebi aikina ranar kasuwa su tsallaka da shi, ya je Kwatano a ce aikin Buzayen Agadas ne, ya je Legas a ce na Bida ne. Shekara arba'in da ɗoriya ina ƙona yatsuna, ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce na Bagudo ne. Na faɗi wannan ne don ku san da irin zuciyar da takardar neman shiga gasar ta same ni.

Balkisu ce ta kawo ta, lokacin tana koyarwa a wata firamare a Lafagu. Wata ƙungiya ce ta masu raya sana'ar hannu ta shirya baje koli a Abuja, amma ba irin wanda kowa ke shimfiɗa tabarma ya baje nasa ba. Sun ce akwai alƙalai. Kowane mai sana'a ya turo abu uku da ya yi da hannunsa, su duba, su zaɓi wanda ya isa a nuna, cikin waɗanda aka nuna kuma a fitar da gwani. Sunan ƙungiyar ba zan rubuta shi ba, ba don na manta ba. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, Hausa nake karantawa, Turanci kuwa sai dai ya kalle ni in kalle shi. Don haka Balkisu ce ke karantawa tana juya mini.

Da la'asar muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na juye duk abin da ke cikin akwatina. Uwarku Kulu ta bar tsintar shinkafar da take yi ta matso, don ita ba a yanke magana a gidan nan ba ta sa baki ba, har yau. Sai da na ga kayan a baje na ji kunya ta kama ni. Zobba ne na samari, da awarwaro sirara irin na 'yan mata, da 'yan kunnen da wata ta ce sun yi mata nauyi ta bar mini. A ce wannan tarkacen shi ne shekara arba'in ɗina. Balkisu ta ɗauki wani zobe ta ɗaga shi sama.

"Baba, wanga hwa? Shina walƙiya, zai yi kyau ga hoto."

"Rabinai tagulla na," na ce mata. "Don 'yan kasuwa niy yi shi. Aje."

"To ka kai musu awarwaron nan," in ji Kulu. "Su mutanen Abuja mi sunka sani ga azurhwa?"

"Su ba su sani ba, ni na sani."

Muka yi ta juya kaya har inuwa ta ci rabin tsakar gida. Da ƙyar na yarda da wata sarƙa da na saƙa da siririyar waya, wadda na yi wata uku a kanta don in gwada wa kaina idona bai tafi ba. Wannan ɗaya. Kulu ta dube ni ta dubi tabarma, ta yi tsaki, ta kai hannu kunnenta ta ciro 'yan kunnen da na ƙera mata na aurenmu, masu siffar jinjirin wata.

"Ungo. Amma in sunka ɓace, kai ma ka bi su kak ka dawo."

Wannan biyu. Na uku ne ya gagara. Na zauna ina murza gemu, ashe fuskata ta riga ta faɗi abin da bakina bai faɗa ba.

"Na san inda hankalinka yat tahi," in ji Kulu. "Kak ka soma."

"Ni ban ce komi ba."

"Ba ka ce ba, amma yamma kaka kallo. Munduwar Kumbo ba taka ta ba, Malam. Tun ranar da kar rufe ta ga hannunta ta hita hannunka."

Gaskiya ta faɗa, kuma na rubuta nan cewa gaskiya ta faɗa, don ta daina tuna mini kowace safiya.

Bari in gaya muku wace ce Kumbo, don ƙananan cikinku ba su san ta ba. Bafillatana ce, sa'ata, rugarsu na can kusa da iyaka. Ina saurayi, mahaifina na raye, aka kawo azurfar aurenta, ya ce in gwada hannuna. Na zuba duk abin da Allah ya ba ni a cikin munduwar nan. Kauri gare ta kamar babban yatsa, jikinta murɗaɗɗe igiya uku, kawunanta biyu masu kusurwa, kusa da kowane kai kuma na bar ɗan fili sumul mai faɗin yatsa biyu. Ban sake yin irinta ba, na gwada ban iya ba. A al'adar gidansu, munduwar aure a hannun amarya ake rufe ta, maƙeri ya matse bakin har ba ta fita, kuma ba a sake buɗewa sai ranar da za a yi wa mace wankan ƙarshe. Ni na rufe ta a hannun Kumbo.

To akwai wani abu kuma da mahaifina ya saba yi wa matan gidan, na gada. Kun san Fulani da kunya. Mace ba ta ƙirga 'ya'yanta da baki, ba ta kiran sunan ɗan fari, in ɗa ya rasu kuma ba ta zama tana ambatonsa a gaban mutane, sai ta haɗiye. Saboda haka duk haihuwar da mace ta yi, bayan suna za ta zo maƙera da jaririn a goye, ta ɗora hannunta a kan gungume, in cusa 'yar fata tsakanin munduwa da jikinta, in sa ɗan ƙarfe mai tsini in buga ɗigo ɗaya a filin nan na kusa da kai. A hankali ake bugawa, tunda hannun mutum ne a ƙasa, shi ya sa ɗigon ba ya zurfi. In ɗan ya rasu, za ta dawo ita kaɗai, ba za ta ce komai ba, sai ta ɗora hannu ta nuna ɗigon da farce, ni kuma in ja masa 'yar zana a ƙasa. Ba ta ce, ban tambaya. Kumbo ɗigo tara gare ta, huɗu da zana. Huɗun nan duk a hanyar kiwo aka binne su, uku a cikin Benin, a dajin da yanzu ya zama gonakin auduga, ko mijinta da yana raye ba zai iya nuna wurin ba. Da tsufa ya zo yana ta rufe mata ido, sai na lura in ta idar da salla babban yatsanta na kan filin nan yana bi ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi.

Duk wannan na sani. Ba wanda ya fi ni sani a duniya. Kuma da saninsa washegari na hau bayan ɗan kabu-kabu, da awartaki biyu a jaka, na nufi ruga. Kaka ce, an fara yankan gero, su kuma suna shirin ƙetarawa da shanu in ciyawa ta bushe. Na same ta a gindin bukka tana kaɗa nono. Tsakanin maƙera da Fulani akwai wasa tun kakanni, ita kuwa Kumbo ba ta taɓa raga mini ba. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Bailo, wato maƙeri da Fillanci. Kafin in yi sallama ta ɗaga hanci.

"Warin gawayi nika ji. Bailo na, bawan Hillani. Mi kaz zo roƙo?"

"Ni na, mai shanun cin gonar mutane. Gaisuwa niz zo."

"Ƙarya kaka yi. Maƙeri ba shi gaisuwa da jaka mai ƙara."

Muka yi dariya, ta sa aka ba ni kindirmo. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na yi ta zagaye, na kawo 'yan kasuwa, na kawo Agadas da Bida, na kawo shekaruna. Ta shiga juya munduwar a hannunta. Ɗanta Sambo, wanda shi ne mai gidan a lokacin, yana tsaye jingine da sandarsa, bai bari ta amsa ba.

"Inna, ba a buɗe munduwa ga mai rai."

Ba ta kula shi ba. Ta juyo inda take jin muryata.

"Mutanen can, za su san kai kay yi ta?"

"Za su rubuta sunana, su rubuta Bagudo."

"To buɗe. Ka daɗe kana kukan ba a san ka ba, kunnena ya gaji. Amma Bailo, yadda kak karɓe ta haka za ka maido ta. Kuma kahin mu ƙetare."

"Na ɗauki alkawari."

Na naɗe bakin awartaki da fata na buɗe ta a hankali. Fatar wurin fara ce fes, ba ta ga rana ba tun tana amarya. Har na yi nisa ina waiwaye, tana zaune ta riƙe wuyan hannun da ɗaya hannun kamar mai ciwo. Ni kuwa a lokacin, Allah ya yafe mini, murna nake yi.

Yanzu ga wurin da nake so ku karanta sau biyu, ku masu zargin Balkisu. Da muka zauna cike takarda, akwai wani fili da aka ce a rubuta bayanin kowane aiki. Ta tambaye ni ko ta rubuta maganar ɗigon nan. Ita ta kawo shawarar, ba ni ba. Ni na hana. Na ce wannan sirrin mace ne, abin da ita ba ta faɗa da bakinta ba ni ba zan sa a takarda baƙi su karanta ba. Na ce ta rubuta azurfa ce tsantsa, aikin hannu, shi ke nan. Sai ta gangara ƙasan takardar.

"Baba, nan sun ce, ko ka yarda a goge kayan kahin a nuna su?"

"A goge mana. Wa ka nuna azurhwa da dauɗa?"

Ta sa alama, na sa hannu. Ku fahimci abin da goge ke nufi a bakin maƙeri. Ka jiƙa tsamiya ko ka matse lemun tsami, ka sa toka mai laushi, ka murza da tsumma, baƙin ya fita hasken ya dawo. Munduwar nan ma sau nawa na goge ta a hannun mai ita. Ni abin da na yarda da shi ke nan. Daga baya na kai kalmar Turancin wurin mutum uku, har da wani tsohon hedimasta, kowa ya ce goge ita ce fassararta, ba wata. Balkisu ba ta yi kuskure ko na harafi ɗaya ba. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne, abin da malami ke yi wa rubutun allo in ya gama darasi, shi ma goge ake ce masa.

Muka aika da kaya. Bayan 'yan makonni aka kira wayar Balkisu. Sarƙar da 'yan kunnen Kulu ba su tsallake ba, wai sun yi kama da na kasuwa, maganar da uwarku ba ta yafe ba har gobe. Munduwa kuwa ta shiga, kuma ita ta zo ta ɗaya. Aka ce mu zo. Gidan nan ya cika da 'yan barka, maƙeran baƙi ma da ba sa shiga harkarmu suka zo. Na ɗinka sabuwar riga. Muka ɗauki hanya ni da Balkisu, yini guda cur a mota.

Wani babban ɗaki ne mai sanyi kamar randa, fitilu ko'ina. Aka kai mu gaban wani akwatin gilashi a tsakiya. Ga sunana, ga Bagudo, an rubuta ɓaro-ɓaro, abin da na yi shekara arba'in ina nema. Na duba cikin akwatin, da farko na ɗauka ta wani ce aka sa bisa kuskure. Tana ƙyalli kamar cokalin kanti. Kusurwoyin kawunan da na fitar da magagari sun dakushe, murɗin ya lafa. Na sunkuya na leƙa filin nan na kusa da kai. Sumul. Na zagaya ɗaya gefen ko na rikice ne. Sumul. Na ce a kira mini mai kula da wurin. Wani matashi ne mai tabarau, da katin suna rataye a wuya, yana ta fara'a. Na sa ya buɗe gilashin, na ɗauke ta na bi da yatsa, ko gurbi ɗaya bai rage ba.

"Ina ɗigon da ke wurin nan? Wa yat taɓa ta?"

"Au, waɗannan tabon? Ai mun gyara maka, Baba. Mun kai wa masu inji sun fitar da duk ƙarcen. Ka ga yadda ta fito kamar sabuwa. Alƙalai ma sun yaba da santsinta sosai."

"Ɗiyan mutum na kunka goge."

Bai gane ba. Ya yi 'yar dariya ya dubi Balkisu, irin kallon nan na tsohonku ya fara rikicewa. Da ya ga ba wasa nake yi ba sai ya tafi ya dawo da fayil, ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan sa hannuna.

"Ga shi, Baba, an tambaye ka, kai ka amince."

Na amince, ban musa ba. Amma ku duba mini. Mutane ne masu digiri a kan sana'ar hannu, aka ce har da wanda ya rubuta littafi. Sun karɓi munduwar da ɗigonta, sun juya ta, sun auna ta, sun duba ta da madubin ƙara girma. Ɗigo tara a jere, tazararsu ɗaya, huɗu da zana a ƙasa. Wace irin ƙaya ce a daji ke karce ƙarfe a jere haka? Wane dutse ne ya iya ƙirga? Ko yaron da ya kwana biyu yana zuga a maƙera zai ce wannan hannu ne ya yi. Kuma lambar Balkisu na hannunsu. Sau huɗu suka kira ta: sun tambayi yadda ake rubuta Ummaru, ko da m ɗaya ko biyu, sun tambayi ko zan sa hula a hoto, sun tambayi masauki, sun tambayi ko ina cin shinkafa. Ba wanda ya ga ya dace ya ce, Baba, wannan ɗigon na mene ne. A wurinsu abin da ya fito daga ruga in yana da alama to datti ne. Sun so aikin Bagudo, amma sai an kankare masa Bagudon tukuna.

Ga nawa kason kuma. Da aka kira sunana a lasifika, na tashi. Da na fita daga ɗakin nan da munduwar a aljihuna da na fi wannan daraja. Amma na hau, na karɓi takarda da hannu biyu, mai hoto ya ce in yi murmushi na yi. Haƙoran da kuke gani a hoton nan nawa ne, ba wanda ya sa mini bindiga.

A hanyar dawowa Balkisu ta yi kuka har idonta ya kumbura. Can ta ce ai Inna Kumbo ba ta gani, ni kuma na san wurin kowane ɗigo, me zai hana in mayar da su. Ban ce mata a'a ba. Da muka iso gida na shiga maƙera, na ɗaure munduwar, na ɗauko ƙarfen nan mai tsini na ɗora a wurin na fari, na ɗaga guduma. Kulu na tsaye a ƙofa ban sani ba.

"Idonta na ba shi gani, Malam, ba yatsanta ba. Ka ci amana sau guda, kak ka cika ta biyu."

Na ajiye gudumar.

Na isa rugar da hantsi, na tarar an kwance bukkoki, ana ɗaura kaya a kan jakuna da bijimai, gobe za su ƙetare. Na cika alkawarin lokaci, shi kaɗai na cika. Tana zaune a kan turmi da aka kwantar. Ta ji tafiyata ta fara.

"Bailo ya dawo. An ce ka zama sarki can birni. To sarkin bayi, zo ka maida man kayana, hannuna ya yi sanyi."

Ta miƙo wuyan hannun. Ban sa mata ba, na juya tafin na ɗora munduwar a ciki. Yatsanta ya tafi wurin kai tsaye. Ya wuce sau ɗaya. Ya dawo. Ta juya munduwar ta gwada ɗaya kan, ta sake dawowa na farko, ta sa farce tana nema a hankali. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba, har da takardar da na sa wa hannu, har da hoton. Sambo ya ɗaga sanda, ta ji motsinsa ta ɗaga masa hannu ya sauke. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi.

"Inna, ina tune da wurin kowane," na ce. "Na zo da kayan aiki. In kin yarda yanzun ga in maida su, dut tara, da zanansu."

"Ɗigon da za ka buga yau, na wa na? Ba a yi haihuwa ba gidan ga."

Ta ɗan jima tana riƙe da ita, sannan ta laluba ta kamo hannuna, ta sa mini munduwar a ciki ta naɗe yatsuna a kai.

"Tahi da ita, ta Abuja ta. An gode, Malam Ummaru. A gaida gida."

Shekara arba'in da ɗoriya matar nan na zagina ina ramawa, ranar ce ta fara kirana da sunana, har da Malam. Na sha zagi a duniya, ban taɓa jin wanda ya kai wannan girmamawa ciwo ba.

Sun ƙetare washegari. Da damina suka dawo na je gaisuwa, ta amsa mini da ladabi kamar baƙo, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma mai kyau. Na lura babban yatsanta na yawo a kan fatar wuyan hannun, inda ba komai. Damina ta biyu Sambo ya dawo ba ita, a can aka binne ta. Ranar wankanta ba a nemi maƙeri ba, don ba abin buɗewa.

Munduwar na cikin gwangwanin da ke ƙarƙashin gadona, naɗe da farin ƙyalle. In na mutu ku kai wa babbar 'yarta, ku faɗa mata abin da na rubuta nan ba ragi. In ta karɓa to, in ta ƙi kada ku matsa mata, kuma kada wanda ya kai ta baje koli ko ya sa ta a gilashi. Balkisu ku je ku ba ta haƙuri tun ina da rai in gani. Takardar bango kuwa ba don alfahari na bar ta a rataye ba, na bar ta ne inda zan riƙa ganinta kullum in zan fita masallaci. Ƙurar da ke kanta ku ƙyale ta ta taru. Sau ɗaya aka tambaye ni ko a goge na ce a goge, ba za a sake jin wannan kalma a bakina ba.